Madanni Biyu da Na Sauya wa Taubashina

Shagona a Sabon Birni ɗaki ɗaya ne, da tebur biyu, da injin fotokwafi mai cinye takarda duk ranar da ya ga dama, da laftof uku da na saya na hannu. Da safe ina buga wa mutane takardun neman aiki da katin ɗaurin aure, ina cike wa 'yan makaranta fom. Bayan sallar la'asar kuwa, idan sabis ya yi kirki, sai in janyo ƙofa rabi mu koma wasa. Mutanen layinmu sun daɗe da yanke hukuncin cewa ba mu da aikin yi. Mai shayin da ke tsallaken titi yakan ce ƙarti da gemu sun zauna suna harbin hoto. Ban taɓa tsayawa na yi masa bayani ba, don ni ba ni da haƙurin bayani.

Wasan na ƙungiya ne, mutum huɗu-huɗu, ta intanet. Ana sauke ku a wani fili, ku nemi makamai, ku yi ta fafatawa da wasu ƙungiyoyi har a ga wadda za ta rage. Abu ɗaya ne ya kamata mai karatu ya riƙe. Idan aka harbi ɗan ƙungiyarku ya faɗi, bai mutu ba tukuna. Yana da 'yan daƙiƙu yana jan ciki, in wani ya iso kansa ya danna madannin ɗagawa, sai ya miƙe a ci gaba da shi. In ba a iso ba, shi ke nan, sai zagaye na gaba.

Mu huɗu ne. Akwai ni. Akwai kyaftin ɗinmu, malamin makaranta ne a Isa, daga can yake shiga, mutum mai doka wanda ko dariya sai ya duba agogo. Akwai wani ɗan Kurawa da ke karatu a Sakkwato, Bafulatani mai magana ƙasa-ƙasa, shi ne gwanin harbinmu. Na huɗu shi ne taubashina.

Ɗan gwaggona ne, ƙanwar babana da aka kai aure Tozai. Wata bakwai kacal na ba shi. Duk rani yakan zo wurinmu ya zauna, damina ta faɗi ya koma gona. Wanda bai tashi da taubashi ba ba zai gane irin zaman ba. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka tun muna yara nake kiransa bawana, shi kuma bai taɓa yarda ba ko sau ɗaya, yakan ce bai ga ubangidan da ke aron takalminsa ba. Ya taɓa ɓoye mini hula ranar Juma'a har aka tayar da salla. Na taɓa ɗinke masa ƙafar wando da safen Salla, ya yi ta tsalle a tsakar gida mata suna riƙe ciki. Dokar ɗaya ce, kowa ya san ta: ba a fushi, ba a kai ƙara. In ka yi fushi kai ka faɗi, manya ma dariya za su yi maka. Shekara ashirin da wani abu muna haka, ban taɓa ganin abin da na yi masa ya kwana a ransa ba.

A wasa bai iya harbi sosai ba, kuma ban gajiya da gaya masa. Amma shi ne mai ɗaga mu. Duk inda mutum ya faɗi, ko a tsakiyar wuta ne, sai ka ga taubashina ya ɓullo daga wani lungu yana cewa, "Kwanta nan, ga ni tahe." Kyaftin da kansa ya sha faɗin cewa rabin nasarorinmu nasa ne.

Da kaka ne abin ya same shi. Yana aiki da masu injin sussukar gero a ƙauyensu, bel ɗin injin ya kama hannun rigarsa. Hannun hagu ne. Manuni da na tsakiya suka tafi nan take. Babban yatsa an ɗinke shi ya zauna, yana motsi, amma gefensa ya mutu, ko allura ka soka ba ya ji. Mutane suka yi ta cewa Allah ya taƙaita tunda ba dama ba ce, yana iya cin abinci, yana iya gaisawa. Gaskiya suka faɗa. Sai dai mu da muka san wasan mun san hagu ce ke tafiya. Dama tana kan maus tana saiti da harbi, hagu tana kan kibod, yatsu uku a kan madannai huɗun nan, W da A da S da D, su ne gaba da baya da hagu da dama. Biyu daga cikin ukun nan ne injin ya ɗauke.

Bayan wata huɗu ya zo Sabon Birni kamar yadda ya saba. Ya rame. Hannun kullum yana cikin aljihu. In mun fara wasa sai ya ja benci bayanmu ya zauna yana kallo, mu kuma muna cike gurbinsa da duk wanda intanet ta jefo mana. Na jure kwana biyar. A na shida wani baƙo ya bar ni ina jan ciki a gabansa har na mutu, na cire abin kunne na jefar a tebur, na juya na ce, "Bawana, zaman mi kake awa wanda anka aiko? Jawo kujera."

Ya ciro hannun ya ɗora a tebur, ya ce, "Da mi?"

Na ce da abin da ya rage. Na buɗe masa laftof ɗin da ke kusa da taga, wanda dama shi ne nasa a wurinmu, na shiga wurin saiti. A nan ne ake iya ɗauke kowane aiki daga madanninsa a mayar da shi wani. Yawancin 'yan wasa ba sa taɓa wurin sai kaɗan. Mu kuwa sai da muka rushe komai muka sake gini.

Sati shida muka yi a kai. Na aika wa ɗan Kurawa ya sayo mana maus mai madanni biyu a gefe, ya ba direba ya kawo. Gaba da baya muka mayar da su can, babban yatsan dama ya karɓi aikin. Tsalle muka ɗora a kan tayar maus. Hagu da dama muka ba ƙaramin yatsa da mai bi masa, A da S. Mun gwada wajen tsari goma. Wani tsarin sai ya yi kwana biyu yana kyau, a na uku jijiyar hannunsa ta ɗaure. Wani kuma yana tafiya lafiya amma in ya zo sauya bindiga sai ya tsaya cak a fili kamar jakin da ya ga ruwa. Muna faɗa, muna zagin juna, ina cewa kansa ne ba ya ja ba hannun ba, yana cewa injiniyan nasa ne na bogi. Kowane tsari sai na buga masa a takarda ya tafi da shi gida. Ban taɓa yin wani aiki da zuciya ɗaya kamar wannan ba, har da wanda ake biyana.

Inda muka sha wuya shi ne babban yatsan hagu. Ayyuka uku suka rage masa a layin ƙasa: durƙusawa a dogon madanni, ɗagawa a C, jefa gurneti a V. C da V maƙwabta ne, kuma yatsan da zai bambance su ba ya jin abin da yake taɓawa. Sau da yawa sai ya zo ɗaga mutum ya zame ya jefa masa gurneti. Na manna ƙwayar dawa a kan C da gam don ya riƙa jin tudu, ya danna ya danna ya ce shi bai ji komai ba. Na nemi wani wurin da zan kai gurnetin, babu, duk inda yatsu uku ke iya kaiwa mun cika shi. Na ce to mu cire gurnetin gaba ɗaya, ai ba dole ba ne. Ya kalle ni ya ce shi ba zai zama rabin ɗan wasa ba, in ba a iya ba a bari.

Sai ya koma koyon tazarar da ka. Da safe ina buga takardun mutane, shi yana gefe da laftof a kashe, babban yatsa yana tashi daga dogon madanni yana sauka a C, ya koma, ya sake. Ƙarar ta riƙa shiga mini kai har na ce zan kore shi daga shagon. A sati na biyar ya daina kuskure. A na shida ya ɗaga ni sau uku a zagaye ɗaya, ya jingina da kujera ya ce in riƙa gaishe shi da safe. Rabon da in ji dariyarsa irin wannan tun kafin kaka.

A lokacin ne aka sanar da wata gasa ta intanet, ƙungiyoyi daga garuruwan Arewa, kowace ta ba da suna huɗu. Abin da ban sani ba shi ne kyaftin ya kira taubashina a waya sun yi magana su biyu. Ya gaya masa gaskiya cewa akwai wani abokin ɗan Kurawa a Sakkwato da ke son gurbin, kuma yana da kyau. Suka yi yarjejeniya: ranar Lahadi za a buga zagaye uku, in ya yi aikinsa na ɗagawa yadda ya saba, sunansa za a rubuta, in ya kasa ya haƙura. Taubashina ya roƙi kada a gaya mini, don ya san zan yi wa kyaftin rashin kunya. Kuma da an gaya mini da na yi.

Kyaftin yana da wata doka tun farkon haɗuwarmu: ba mai taɓa saitin wani, wanda ya taɓa ya bar ƙungiya. Na san dokar sarai. Kawai ban taɓa ɗauka ta shafi taubashi ba. A kaina, abin da ke tsakanina da shi ya girmi kyaftin, ya girmi wasan.

Ranar Asabar na fito da safe na tarar mutane sun taru a ƙofar shagona suna dariya. Ashe taubashina ne ya buga hoton jaki da injina, da takardata, ya zana masa hula irin tawa, ya manna a kan allon shago, ya rubuta manaja a ƙasa. Mai shayi har da zuwa gaishe da manaja. Na yi dariya, na kuma ji daɗi a raina, don wannan ne karo na farko da ya tsokane ni tun bayan haɗarin. Na ce lallai bawana ya warke, tunda ya warke kuwa sai a rama.

Ranar Lahadi da aka kira la'asar ya fita alwala ya bar laftof a kunne. Na miƙa hannu na shiga saiti. Ɗagawa na mayar V, gurneti na mayar C. Bai kai minti ɗaya ba. Niyyata ya yi kuskure sau ɗaya a wasan motsa hannu, in yi masa dariya in ce yatsan ya koma gidan jiya, sannan in nuna masa in gyara. Har na shirya abin da zan faɗa.

Muka dawo daga masallaci muka sa abin kunne. Na lura bai yi surutu ba, ya goge tafin hannunsa a wando sau biyu, ban kawo komai ba. Zagaye na farko muka yi nisa, sai aka harbi kyaftin a bayan wata katanga. Taubashina ya ce, "Kwanta nan, ga ni tahe." Ya ratsa fili, ya isa kansa, ya danna. Gurneti ya faɗi tsakaninsu ya tashi da su duka biyun.

Na toshe baki da hannu ina dariya har kafaɗata na rawa. Sai muryar kyaftin ta shigo kunnena, a sanyaye. "Ɗaya ke nan. Saura biyu, awa yadda munka yi da kai."

Na ce wane biyu? Sai ɗan Kurawa ya gaya mini a taƙaice, da muryar nan tasa, cewa yau ake gwada taubashina, a kan wannan za a rubuta sunan gasa. Na sauke hannuna daga baki.

Tsakanin zagaye da zagaye akwai kamar minti ɗaya da rabi. Laftof ɗinsa yana nan gefena, in na miƙa hannu zan taɓa shi. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in ce ku tsaya, ni ne, na sauya masa madanni, a sake. Kalma nawa ce? Amma kyaftin yana ji, kuma na san shi, ba ya lanƙwasa doka. Ni zan fita, a gasar da nake ta mafarkinta tun da aka sanar. Sai na ce wa kaina bari zagayen nan ya wuce, wataƙila ba wanda zai faɗi, in ya tashi shan ruwa in gyara a ɓoye. Na sha juya wannan minti ɗaya da rabin a kaina ina neman wani suna da zan ba abin da na yi. Tsoro ne da son kai, ban samu wani ba.

A zagaye na biyu ni aka harba. Na yi iya ƙoƙarina kada in faɗi, kuma saboda ƙoƙarin ne na yi wauta na faɗi. Ya taho. Ban kalli allo ba, hannunsa na kalla, hannun gaske da ke kan tebur kusa da nawa. Na ga babban yatsan ya tashi daga dogon madanni a hankali, ya sauka a tsakiyar C daidai, ko gefen V bai shafa ba. Sati shida na wahala sun zauna a yatsan nan. Gurneti ya tashi da mu.

Shi idonsa yana kan allo, kamar yadda kowane ɗan wasa yake yi. Bai ga abin da na gani ba. Abin da ya sani kawai shi ne yatsan da ba ya ji ya sake zamewa a ranar da ake kallonsa. Sai ya ce, "Kyaftin, ba sai an yi na ukku ba. Rubuta yaron ga na Sakkwato." Ya cire abin kunne ya naɗe wayarsa da kyau ya ajiye.

Ya miƙe ya dafa kafaɗata da hannun dama. "Ka yi ƙoƙari, ubangida. Hannun na ya ƙiya."

Tun da muka fara magana a duniya bai taɓa kirana haka ba. Ya fita, na ji yana gaisawa da mai shayi, ni kuma ina zaune da abin kunne a kai, kyaftin yana tambaya ko za mu ƙarasa mu uku.

Bayan kwana biyu aka yi ruwan shuka, ya haɗa kayansa. Na raka shi tasha. Muna tsaye ana ɗaure kaya a bayan mota, maganar tana bakina, ina jin nauyinta. Na ce bari mota ta cika tukuna. Mota ta cika. Na ce masa ya gaishe da gwaggo. Maus ɗin ma bai ɗauka ba, ya ce in ba mai yatsu.

Sau uku muka yi waya bayan haka. Duk ukun da tsokana muka fara, da ita muka ƙare. A na biyu na ce, "Ranar nan ta Lahadi," sai ya katse ni ya ce in bar zancen, ya wuce. Na bari, kuma na ji sauƙi da ya katse ni, wannan ma ba zan ɓoye ba. Na yanke cewa irin wannan magana ba ta waya ba ce. In ya zo in zaunar da shi, in buɗe saitin ya gani da idonsa, ya kai mini duka, ya rama da abin da ya fi hoton jaki, mu wuce wurin. Haka kowane abu yake ƙarewa tsakaninmu, ban ga dalilin da wannan zai bambanta ba.

Sai aka yanke sabis a yankinmu gaba ɗaya saboda matsalar tsaro. Ba kira, ba intanet. Gasar da na kare kujerata dominta aka yi ta ba tare da mu ba, ko zagaye ɗaya ban buga ba. Masu neman magana da 'yan'uwa suna hawa tudu suna laluben layin Nijar, amma sai wanda kake nema shi ma ya hau nasa tudun, kuma a wajen su gwaggo babu. Hanya ta zama sai dole. Duk da haka masu mashin suna ratsawa jefi-jefi, suna kai saƙo. Ni da nake wuni ina buga wa mutane wasiƙu, na buga tasa, shafi ɗaya, na bayyana komai. Na ninke na sa a durowa. Na ce takarda ba ta dariya, zai karanta shi kaɗai ya ji zafi, gara ina wurin.

Ƙarshen damina wani mai mashin ya tsaya a ƙofar shago bai kashe inji ba. Ya tambaya ko ni ne ɗan'uwan mai yatsu uku na Tozai. Ya ce amai da gudawa ne, kwana biyu ya yi, an so a kai shi Isa hanya ba ta biyu ba. Ya ce an yi kwana huɗu da rufe shi. Na yi salati, na yi masa godiya, har na tambaye shi ko zai sha ruwa. Da ya tafi na koma ciki na ƙarasa fotokwafin da nake yi, shafi goma sha wani abu, na miƙa wa mai shi, sannan na zauna a ƙasa.

Sai bayan sati uku na samu ganin gwaggo. A lokacin sun taso sun dawo cikin Isa, gidan wani ɗan'uwan mijinta. Na same ta a ɗaki kan tabarma, ta tsufa a wata biyar. Muka yi gaisuwa, muka yi addu'a, ta yi ta ba ni haƙuri kamar ni aka yi wa mutuwar fiye da ita. Can ta jawo wani buhu ta ciro katako ta miƙo mini. Ta ce cikin ɗan abin da suka iya ɗaukowa ta sa shi, don ta san nawa ne da shi.

Ɓallin tsohuwar ƙofa ne, tsawon kamu biyu. Ya zana kibod a kai, da gawayi da farko, sannan ya bi layukan da bakin wuƙa. Girman kowane madanni daidai da na laftof ɗin taga, ban san yadda ya riƙe awon a kai ba. Ya rubuta haruffan. Wurin A da S ya yi santsi. A tsakiyar C ya kafa ƙusa mai faɗin kai, ta ɗan ɗago sama da katakon, kewayenta ya yi baƙi.

Gwaggo ta ce kullum in ya dawo gona ya yi wanka, sai ya zauna gindin bishiya da katakon a cinya har a kira magariba. Ta ce tun tana yi masa faɗa har ta bari. "Shina cewa yatsan na ka zamewa, sai ya hore shi. Yac ce ranar da sabis ya dawo za shi ba ka mamaki."

A nan na gaya mata. Ban shirya ba, maganar ce ta fito da kanta, wata biyar a makare, ga wadda ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba. Ba ta gane ba da farko. Na ɗora katakon a tabarma na nuna mata da yatsa, na ce nan ne na taimako, nan ne na ɓarna, ni na sauya su yana alwala, kamar a juye gishiri a gwangwanin sukari. Na ce yatsansa bai zame ba, na gani da idona, daidai ya danna.

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Wasan taubasai na, ɗana. Ai kun saba. Da ya sani dariya za shi yi."

Na so ta zage ni. Na so ta kira mijinta a fitar da ni daga gidan. Sai ta sake tambaya a hankali, "Shi dai bai sani ba?"

Na ce bai sani ba.

Ta sa yatsa ta shafa kan ƙusar. "To da ka hwaɗa mai, da ya huta da yatsan ga. Ba shi jin ƙusar, sai dai in ga jini in ce mai ya tashi haka nan."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta mayar da buhun gefe, ta ce a kawo mini fura, ta tambayi lafiyar babana. Na sha furar don kada ta ji wani iri. Har yau ban san yadda na fito daga gidan ba, na dai tuna na tsaya a bakin titi da katako a hammata, wani mai mashin yana tambayata ina za ni, na kasa tuna sunan garinmu.

Kafin in bar Isa na biya makarantar kyaftin na gaya masa shi ma. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce da na faɗa a ranar da ya dakatar da ni wasa biyu ko uku, ya sake gwajin, ba zai kori mutum a kan taubashinsa ba, shi ma yana da nasa. Ya yi wa mamacin addu'a, aka buga ƙararrawa ya koma aji.

Daga baya sabis ya dawo. Ɗan Kurawa ya kira sau biyu yana tambaya ko za mu haɗu, na ce ina da aiki. Laftof ɗin taga ban bari kowa ya yi wasa da shi ba tun ranar Lahadin, takardu kawai ake bugawa. Wata la'asar da ba kowa a shago na janyo ƙofa rabi, na ciro katakon daga ƙarƙashin tebur na ajiye kusa da shi, na kunna wasan na shiga saiti. Komai yana nan yadda muka gina, gaba da baya a gefen maus, tsalle a taya, A da S. Ƙwayar dawar ma tana nan manne a kan C. Na mayar da ɗagawa C, na mayar da gurneti V, na danna ajiye. Na duba agogon da ke ƙasan allo. Bai kai minti ɗaya ba.